Muciyar Lado Mai Fijo

To Mufida, gyara zama ki riƙe biron nan da kyau. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, kada ki sa mini Hausar makaranta. Ni Mato, kakanki, ban iya riƙe alƙalami ba, amma duk garin Tarai ba wanda ya san Lado kamar ni. Jiya kin tambaye ni me ya sa aka rataye muciya a zauren gidansu, jikinta duk baƙin mai, kanta kamar akuya ta gwaguye. To yau za ki ji.

Lado ɗan kawuna ne, abokin wasana. Tun muna yara ban taɓa yi masa maganar arziki ba, shi ma bai taɓa yi mini ba, kuma ba mu taɓa ɓatawa ba. Manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa da damina, albasa da rani. Bai zauna a garejin kowa ya koyi gyara ba. Yana saurayi dai ya yi yaron mota a wata babbar mota mai bin hanyar Rano zuwa Kano. In ta lalace direba yana ƙarƙashi, shi yana miƙa sifana, idonsa na kan aikin. Iyakar karatunsa ke nan.

Ya dawo gida ya auri Saude, suka haihu, ana nan ana noma. Wata rana sai ga shi an jawo masa wata tsohuwar Fijo akori-kura da igiya, ko tari ba ta yi. Na ce, "Lado, wannan gawar saya ka yi, ko tsinta?"

Ya ce, "Bari ta tashi. Kai za ka fara roƙon gidan gaba."

Haka kuwa aka yi. Ta tashi, kuma gidan gaba nawa ne tun daga ranar.

A gindin darbejiyar ƙofar gidansa yake gyaranta. Yana da wata ɗabi'a. In zai kwance wani abu sai ya shimfiɗa tabarma, duk abin da ya ciro ya ajiye, yana jerawa daga dama zuwa hagu kamar malami na rubutu a allo. In zai mayar sai ya faro daga hagu. Duk wanda ya taɓa masa jerin nan, ko kaza ce, ta shiga uku. Kuma ba ya buɗe wurin da bai ji ciwo ba. Ya ce yawancin motocin da suka mutu, bincike ne ya kashe su.

To yaya yake jin ciwon? Nan muciya ta shigo. Zai tayar da injin, ya ɗora bakin muciya a jikin ƙarfe, ya dunƙule hannu a ɗaya kan ya kara a kunne, ya rufe ido. Ya matsa nan, ya matsa can. Can sai ka ji ya ce, fulogi ne, ko ya ce kafireto ce ta sha ƙura. Da sanda ya fara, ya ce ba ta kawo sauti. Ya gwada ƙarfe, ya ce surutunsa ya yi yawa. Ranar da ya ɗauko muciyar Saude daga madafi, shi ke nan.

Saude ta leƙo ta ce, "Malam, ni da me zan tuƙa tuwon?"

Ya ce, "Aro a gidan Mato. Su ba sa tuwo sai an aika musu."

Ba ta sake ganin muciyarta a tukunya ba.

Motar nan ta yi wa garin nan aiki. Ta kai albasa kasuwa, ta kai mai naƙuda asibitin Rano, ta ɗauko taki. Amma abin da aka fi saninta da shi kayan amarya. Duk yarinyar da aka aurar a unguwarmu, Lado ne ya kai kayan ɗakinta. Gado, katifa, kwanuka, 'yan jere a sama suna guɗa. Har na uwarki ita ta kai. Ranar kai kaya yakan wanke motar tas, ya sa babbar riga, ya tafi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ya kai na 'ya'yansa manya, saura autarsa Bara'atu. Kullum yana cewa, "In na kai na auta, in Allah ya so ya karɓi motar, ya karɓa."

Shekarar da aka sa ranar Bara'atu da wani yaro ɗan Madachi, aka ce biki sai bayan kaka. A daminar nan ciwon kunne ya kama Lado. Kunnuwan suka yi ta zubar da ruwa. An je asibiti, an sha magani, ruwan ya tsaya, amma jin bai dawo ba. Ya ɓoye. Ka yi masa magana ya yi dariya ya ce haka ne, ko da zaginsa ka yi. Ni na ɗauka ya gaji da rama wasa ne.

Sai ranar da muka ɗauki kaya za mu kasuwar Kibiya. Ina gidan gaba. Muna cikin tafiya na ji wani gurnani daga cikin injin, gurrr, gurrr, irin wanda ban taɓa ji ba. Ni da ban san komai a mota ba, sai da na gane ba lafiya ba. Na dubi Lado. Yana tuƙinsa, fuska a sake, har yana kaɗa kai. Na ce, "Lado, ba ka ji?" Shiru. Na ɗaga murya. Shiru. Sai da na dafa kafaɗarsa na nuna bonet na nuna kunnena.

Mufida, na ga mutane sun sami labarin mutuwa, amma ban taɓa ganin fuska ta canja kamar tasa ba. Ya gangara gefen hanya, ya buɗe bonet, ya ciro muciya, ya ɗora, ya kara a kunne. Ya daɗe. Ya juya ɗaya kunnen. Sannan ya kashe motar, ya zauna a kan dutse. Ranar jawo ta aka yi zuwa gida, da igiya, yadda ta zo.

Abin da yake tsoro shi ne kada gurnanin daga ƙasan injin yake. In daga can ne, injin ya kusa bugawa, in ya buga kuwa motar ta gama. Ya gwada aron kunnuwanmu. Ya tayar da ita ya ce mu faɗa masa. Ni na ce kamar injin niƙa, daga gaba. Saude ta ce a'a, kamar tukunya na tafasa, daga ƙasa. Liman da yake wucewa ya ce shi ta ko'ina yake ji. Lado ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kashe, ya rufe bonet. Bai sake buɗewa ba. Ni a ganina ba gyaran ne ya gagare shi ba. Mutumin da gari ke kawo wa inji ya saurara, yau shi ake yi wa kwatance da hannu. Wannan ne ya karya shi.

Mota ta zauna a gindin darbejiya, ganye ya rufe ta, kaji suka mayar da gidan gaba akurki. Aka yanke dawa, biki ya matso.

Babban ɗansa Sharfaddeen, wanda ke tuƙin haya a Kano, ya zo gida. Yaro ne mai ladabi, kuma gaskiya ya zo da ita. Sai dai maganar da ya kamata a yi a ɗaki, dole ya yi ta da ƙarfi, don uban ba ya ji. Duk layin ya ji.

"Baba! Zan ɗauko mota daga Rano ta kai kayan! Wannan a ba masu sayen ƙarfe, ka huta!"

Lado ya ce, "Na kai na 'ya'yan mutane."

"Baba, ko ta tashi, ba ka jin hon! In wani abu ya faru fa?"

Lado ya mayar da idonsa kan motar. Ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ya ji.

Ita Bara'atu kuwa, ana saura 'yan kwanaki biki, da safe, sai ta fito da bokiti da tsintsiya. Ta kori kajin, ta kwashe ƙwai ta kai wa uwarta, ta share ganyen, ta wanke motar nan tun daga gilashi har taya. Uban yana zaune a dakali yana kallo. Da ta gama ta durƙusa ta gaishe shi ta shige gida.

Sai Lado ya aiko a kira ni.

Batir ya mutu, sai turawa muka yi da mutanen layi. Ta tashi, gurnanin na nan, har ya ƙaru. Ya ɗora muciya, ya kara a kunne, ba komai. Sai ya so ya ja totur da hannu ɗaya, ya taɓa wayar fulogi da ɗayan, ko idonsa zai ga abin da kunne ya kasa. Ba inda zai ajiye muciyar, sai ya cije ta da haƙoran gefe, don na gaban sun daɗe da tafiya. Da ya sunkuya, ɗaya kan ya sauka a jikin injin.

Sai na ga ya daskare.

Na ce, "Lado, lantarki ne ya ja ka?" Ina magana da wanda ba ya ji. Ya ɗago, muciyar ta bar ƙarfen. Ya sake sunkuyawa. Ya rufe ido, yadda yake yi da. Ashe ƙarar tana bin icen ta shiga haƙori, ta hau masa kai. Ya kama muciyar da hannu biyu, kanta na bakinsa, ya zura ta can ƙasan injin. Ya daɗe a nan. Ya ciro. Ya ɗora a saman injin, ya ciro. Da ya ɗora a kan famfon da ke zagaya ruwa, sai fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Ya tofar da muciyar ya yi ihu, shi da bai san ƙarfin muryarsa ba, "Ba ƙasa ba ne! Injina lafiya lau! Boris ɗin famfo ne ya cinye!"

Bai yarda da haƙorin ba tukuna. Ya kashe, ya cire fanbel, wato bel ɗin da ke juya famfon, aka sake tura ta. Ya dube ni ya ce, "Akwai?" Na kasa kunne. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Na girgiza kai. Ya ce, "Yau dai kunnenka ya yi rana, tun da aka haife ka."

Aka shimfiɗa tabarma. Sharfaddeen da kansa ya je Kano ya samo wani famfon na hannu, wato wanda aka ciro daga wata motar, ya tsuguna yana miƙa wa uban sifana. Aka jera daga dama, aka mayar daga hagu.

Ranar kai kaya aka loda gado da katifa da kwanuka, 'yan jere suka hau. Lado ya fito da babbar riga, makulli a hannu, ya tsaya a ƙofar direba. Sai ga wani mai babur ya shigo layin ta bayansa yana hon. Kowa ya kauce, har awaki. Lado bai motsa ba. Sai da mai babur ɗin ya taka birki ya ratse, iskarsa ta kaɗa masa riga, sannan ya waiwaya. Ya dubi babur ɗin, ya dubi matan da ke saman kaya, har da masu goyo.

Ba wanda ya sa shi. Shi ya miƙa wa Sharfaddeen makullin.

Ya ce, "Haƙorin nan inji yake ji, ba ya jin mutum. Shiga ka ja. Kada ka sa mata giya uku sai ka hau kwalta, kuma in ka fasa wa auta kwano ɗaya, ni da kai ne."

Ya zagaya ya buɗe gidan gaba, ya same ni a zaune. Ya ce, "Sauka, Mato. Baya, wurin kaya." Haka na je Madachi a tsakiyar mata, da fanteka a cinya, ana yi mini guɗa a kunne. Ta gilashin baya ina hango shi, muciya a kan ƙafarsa, tafin hannunsa a jikin ƙarfen motar har muka isa. Shi ya fara sauka, shi ya kama kan gadon aka shigar.

Bai sake tuƙi ba. Motar kuma ba a sayar ba. Sharfaddeen ya dawo gida ya ci gaba da janta, kullum da safe kafin ya fita sai uban ya zo ya ciji muciya ya ce tafi, ko ya ce dakata. Haka suka yi har bara da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Lado. Da aka share makoki aka miƙa wa Saude muciyarta, ta juya ta, ta shafa gurbin haƙoran, ta ce a rataye a zaure inda Sharfaddeen zai riƙa samunta.

To kin ji. Motar tana nan tana tari. In kin tashi sakina za ki auri wani saurayi, ita za ta kai kayanki, in ta kai lokacin. Karanta mini daga farko in ji ko kin sa abin da ban faɗa ba.