Zauna-Tukuna ta Taga ta Huɗu

A'a, dakata mini nan. Aikinta ta yi? Albashi ake biyanta? To sauran da ke jere da ita a ofishin, da tsakuwa ake biyansu? Kai dai tun kana yaro haka kake. Yayanka ma, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini, in aka nuna maka rana sai ka ce a kawo fitila ka duba. Ke kuma babbar 'yata, ci gaba da rubutu, har maganar baffan naki ki sa, kada ki gyara mini baki. Ranar da matar nan za ta yi ritaya daga aiki nake so a karanta mata, a kuma kai wa masu jarida.

Jama'a, matar da nake magana a kanta a ofishin kamfanin waya take aiki. Na san kun ɓata fuska, ni ma da haka nake ɓatawa. Sunanta na yanka ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Mu tsofaffin da kamfanin ya mayar saniyar tatsa, Zauna-Tukuna muke ce mata, don kafin ka buɗe baki da ƙorafi abin da za ta fara ce maka ke nan.

Shekara goma sha tara tana taga ta huɗu, ta can ƙarshe inda iskar fanka ba ta kaiwa. Mai gadin wurin ya ce bai gama cire kwaɗo ba take isowa, tabarau rataye a wuya da zare, gorar ruwa a hannu, 'yar kujerar katako a hammata. Kujerar ba ta kamfani ba ce. Da akwai kujeru a gaban kowace taga, sai wani manaja mai kaifin basira ya gano cewa wanda ya zauna yakan daɗe yana bayani. Aka kwashe. Washegari ta zo da tata daga gida. Aka ce mata doka ta hana. Ta ce ai kujerar ajiye jakarta ce. Har yau jakar nan ba ta taɓa hawa kujerar ba.

Kuma wai akwai agogo a cikin kwamfutarsu, kowane mutum minti biyar, a sallame shi ko ya warke ko bai warke ba. Ƙarshen wata a liƙa sunaye a bango, wanda ya fi korar mutane da sauri shi ne gwani. Kullum ita ce ta ƙasa. Yaran da ta koya wa aiki duk sun tsallake ta, ɗaya ma shi ne manajanta yanzu.

Ni abin da ya kai ni wurinta, layina ne. Autana ne ya zaɓa mini lambar da kansa, aka yi rajista da sunan babansa. Bayan nan suka yi faɗa da uban a kan motar da aka sayar ba da sanin yaron ba, ya saɓa jaka ya fita. A bakin ƙofa ya ce, "Inna, lambarki tana kaina." Shekara bakwai ke nan. Tasa lambar ta daina shiga tun shekarar farko. Ba mu san garin da yake ba, shi kuma bai san uban ya rasu ba. Igiya ɗaya ta rage tsakanina da yaron nan, ita ce lambar. Ko wanka zan shiga, wayar na rataye a ƙusa cikin leda.

To ana nan, wata rana waya ta yi ƙara, na ɗauka da rawar jiki. Sai na ji wata yarinya mai zaƙin murya tana gaishe ni. Na amsa, na ce ya gida, ya iyayenki. Ba ta kula ni ba, sai zuba take yi. Na ce wannan ba ta da tarbiyya, na laluba na danna abin da hannuna ya samu don ta yi shiru. Wa ya gaya mini inji ne? Ashe da wannan dannawar na sayi waƙa. Ban sani ba sai da maigidan ya rasu, muna zaman makoki, masu kira su yi mini ta'aziyya sai su ji wani ƙato yana rera wa masoyiyarsa cewa ba ya iya barci. Ƙanwata ce ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ko kwana bakwai ba a yi ba fa."

Kati kuwa, in na sa da safe, kafin azahar ya zama labari. 'Yar nan tawa ta kira lambar ƙorafinsu. Danna ɗaya, danna uku, danna tara, sai kiɗa. Can a ce wai kiranmu yana da daraja a wurinsu, a koma kiɗa. Har batir ya mutu ba mu ji muryar ɗan Adam ba. Na ce shi ke nan, na yi fushi, ba za su ƙara cin ko sisina ba. Ai ni jira nake a kira ni, ba kira nake ba. Na daina sa kati ina jin na yi maganinsu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ashe a dokarsu layin da ya yi wata shida bai ci kati ba gawa ne. Sai su cire lambar, su sa ta a sabon fakiti, su sayar wa wani. Wai sun turo mini saƙo sau uku. Sun ƙyafta wa makaho ido. Na tashi wata safiya waya shiru, an kira ni a gabana ba ta shiga ba. Abin da ya faɗo mini a rai, yaron nan ya kira wani baƙo ya ɗauka ya ce ba nan ba ne. Zai ce na mutu, ko ya ce na yafe shi. Ba zai ƙara gwadawa ba, na san halin uban da ya gada.

Na shiga motar haya na tafi ofishin. Taga ta ɗaya, wani saurayi mai sheƙin gashi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Sai mai layin ya zo da kansa."

Na ce, "Ya rasu, ɗana."

"To ya turo katin shaidarsa da sa hannu."

Na ce, "Ba ni lambar da kuke kiran can, in gaya masa."

Ya tura ni taga ta biyu. Ta biyu ta ce sabis ya ɗauke. Ta uku tana cin cingam ta ce in sayi sabo ai an yi ragi. Na gaji da tsayuwa, na dafa bango. Sai na ji an ce, "Mama, zauna tukuna."

Ta tsiyaya mini ruwa a murfin gorarta. Ba ta taɓa kwamfuta ba sai da na gama labarin kaf, har da ƙaton da ba ya iya barci. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta nutsu. Ta duba ta ce, "An riga an sa lambar a fakiti, an kai wa dillali. Amma ban ga an sayar ba. Ba zan yi miki alkawari ba, Mama, ba na son in yi wa tsohuwa ƙarya. Ba ni kwana uku."

Abin da ta yi a kwana ukun nan ba daga bakinta na ji ba. Mai sayar da layi a ƙarƙashin lema, nan bakin tasha, shi ya ba ni labari. Ya ce lokacin da abokan aikinta ke cin abincin rana, ita tana rana tsaka tana bin masu lema ɗaya bayan ɗaya, don dillalin ya riga ya rarraba kayan bai kuma rubuta wanda ya ba wane ba. Ta tsuguna, ta sa tabarau, tana ɗaga fakiti ɗai-ɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya ce mata, "Anti, wai lambar ta wani babba ce?" Ta ce, "Ƙwarai, babba ce." A rana ta uku ta same ta a akwatinsa, saura fakiti biyu a kai kanta. Ta makara komawa, manajan nan da ta koya wa aiki ya ba ta takardar gargaɗi. Mai gadi ya ce ta ninke takardar ta tokare ƙafar kujerar da ke ɗingishi.

Na dawo, aka zo rajista da sunana, sai gilashin da ake dangwala yatsa ya ƙi ni. Shekara hamsin ina wanki da guga na mutane, sabulu ya cinye zanen hannun. Na dangwala sau biyar, ja yake nunawa. Saurayin taga ta ɗaya ya leƙo ya ce ai in inji ya ƙi, ya ƙi. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Mama, goga yatsan a goshinki, ki goga sosai." Na goga. Ta kama hannuna da nata biyu, ta ɗora, ta mirgina shi a hankali. Sai ga kore. Ashe maiƙon goshi ke fito da zanen. Wannan ba a takardar kamfani ta karanto ba, shekara goma sha tara na riƙe hannun tsofaffi ne.

Ba ta sake ni nan ba. Ta kashe waƙar, ta kashe wasu abubuwa huɗu da ban ma san ina ciyar da su ba, har da labarin ƙwallo. Ta ciro kwalbar jan farce a aljihun tebur ta ɗiga a kan maɓalli ɗaya. Ta ce, "In yarinyar nan mai zaƙin murya ta ƙara kira, nan kaɗai za ki danna, ba gaisuwa." Sannan ta ɗora yatsana a kan na tsakiya mai ɗan tudu. "Kowane wata ki sa ƙaramin kati ki kira wani, ko minti ɗaya, don kada su ƙara ce wa layin gawa. In ba ki da wanda za ki kira, danna wannan ki riƙe, ni zai kira."

Na zaci ni kaɗai ce 'yar gata. Sai na fara ganin jan ɗigon nan a wayar tela, a wayar mai niƙa, a wayar wani tsohon direba da muka haɗu a asibiti. Muka kalli juna muka ce, "Taga ta huɗu?" Mai gadi ya ce farkon wata wayarta ba ta hutawa, wannan ya gaishe ta, wancan ya tambaye ta maganin ciwon gwiwa.

Wata biyar bayan nan, ina shanya, waya ta yi ƙara. Na duba ko yarinyar ce, yatsana na kan jan ɗigo. Sai na ji, "Inna." Ya ce an sace masa waya tun tuni, ya yi jinya, ya rasa komai, da wayar aro yake kira. Ya ce, "Na daɗe ina jin tsoron in danna a ce ba ke ba ce." Na zauna a kan bokitin wanki. Ni na gaya masa rasuwar uban. Muka yi kuka har mai wayar ya ce a ba shi abinsa. Yanzu ya samu aiki, kullum bayan la'asar yake kira, ya ce ƙarshen wata yana tafe.

Ke kuma ta taga ta huɗu, ke ce ta ƙasa a bangonsu. Ke ce kujerar mai gajiya. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, ni kuma na ga ɗaya da ta hana mu tsine wa buhun gaba ɗaya. Kamfaninku ban yafe masa waƙar nan ba, kada ma a rubuta na yafe. Amma ke, na gode, na ƙara godewa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa naki 'ya'yan su same ki duk ranar da suka neme ki. Ku kuma yaran taga ta ɗaya har ta uku, na ji ta ce za ta bar kujerar a wurin. Ba ta cizo. A samu mai kunya a cikinku ya ja ta gabansa, ya ɗago kai ya kalli wanda ke tsaye.

Me ka ce kuma? Har yanzu dai aikinta ta yi? To ji nan, ɗan'uwan maigida. Ranar da layin ya mutu, kafin in je ofishin nan, ƙofar wa na fara bugawa? Taka. Kana kishingiɗe da rediyo a kan ciki, ka ce in sayi sabo, layi ai layi ne. Ita ko fuskar yaron ba ta taɓa gani ba, ta yi kwana uku a rana. Kai ne baffansa, kai ka raɗa masa suna. In wancan aikinta ne, naka aikin wa ka bar wa?

Ina za ka kuma kana laluben takalmi? Zauna tukuna. La'asar ta kusa. In ya kira zan miƙa maka, ka gaya masa da bakinka layi ai layi ne.