Gangunan Tokiko Sun Yi Shiru

Kunnenta na manne da gangar giya sa'ad da na leƙo, yadda ta saba yi kowace safiyar kaka tun kafin ta ɗora shayi. Ta ɗaga mini yatsa.

"Rufe baki, tsoho. Numfashinka ma surutu ne."

Tokiko Amemiya maƙwabciyata ce a garin Katsunuma tun muna da baƙin gashi. Farar giyar inabi take yi kamar yadda marigayi mijinta Genzo ya yi: a matse, a zuba, a bar shi. Ba ta ƙara komai. Abin da ke tayar da ruwan har ya yi kumfa yana zaune ne a ƙurar azarar rumfar da gangunan suke, shi ya sa ba a taɓa goge ta ba. Ita dai cewa take numfashin Genzo ne, don nan ya ƙare rayuwarsa yana tari yana mita. In ganga ta fara ƙunƙuni sai ta ce, "Ga shi nan, ya soma ƙorafi."

Bana ta kwanta asibiti saboda gwiwa. Surukarta Sanae, yarinyar kirki, ta so ta faranta mata. Ta hau tsani ta wanke rumfar da ruwan magani, sama da ƙasa, har azarar ta yi fari kamar ƙashi.

Aka matse inabi, aka jira. Shiru. Ruwan da bai tashi ba kuwa lalacewa yake yi, amfanin shekara guda ke nan.

Muna nan tsaye sai ɗanta Fumihiko ya shigo da ƙunshin yisti na kanti, mai tayar da ruwan inabi.

"Inna, kowa da shi yake yi. Kafin jibi za ta tashi."

"Za ta tashi mana. Da muryar wa?"

"Baba ya rasu, Inna."

"Kai ne za ka gaya mini?"

Sanae na bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Tokiko ta dube ta, ba da fushi ba.

"'Yar nan, bar kuka. Dama can ba ya son tsabta, fita kawai ya yi."

Ta ɗebi ruwan inabin a kwano, ba ta rufe ba, don abin da ke tayar da shi ya samu hanyar shiga. Kabarin Genzo yana can saman gona, cikin tsofaffin kuringun inabi.

"Ajiye ƙunshinka tukuna," ta ce. "Bari in je in ji ko zai biyo ni."

Ta raɓa ta gefenmu tana ɗingishi, ta fita.