Faifan Rahmatu da Ba a Rufe Masa Baki Ba

Ranar da abin ya faru, hadari ya taso daga wajen Saulawa tun hantsi, iska na kwasar kara a kan danga. Wasu baƙi daga gidan adana kayan tarihi na birni suka fake a zaurenmu a Furana. Kayan aikin hannu suke nema.

Ƙanwata Rahmatu ba ta nan, ta tafi suna Gazara. Ita ce mai ɗinkin faifai a unguwarmu tun tana budurwa, kuma ba ta iya zama hannu sake. Ko gaisuwar mutuwa ta je, za ka ga yatsunta na motsi. Ɗanta Hamisu ya kwaso musu faya-fayai, suka zaɓi wanda take cikin yi, ba ta kai ga rufe masa baki ba, basilla soke a jiki, kaba ja da kore na reto. Suka tambayi sunanta, ya faɗa, suka tafi da faifan.

Da ta dawo ta ji, ko mayafi ba ta cire ba.

"Kai Hamisu, kanka ɗaya? Da sunana a kai? Duk wanda ya gani ya ce matar Furana ba ta iya rufe baki ba!"

Daga nan zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗora tukunya ta manta. Kullum sai ta leƙo wurina: "Yaya, yaushe za mu?" Da aka gama shuka na raka ta birnin, da kabarta a ƙulle a gefen zane.

Muka tarar da faifan cikin gilashi. Ta ce da ma'aikacin wurin, wani saurayi mai suna Abdulrahman, "Ɗan nan, buɗe mini in ƙarasa. Kafin la'asar na gama."

"Inna, ai haka muke son sa. Mutane su ga yadda ake yi."

"To kai ma ka fito da riga hannu ɗaya, mu ga yadda tela ke yi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai buɗe ba. Ya ce ba shi da ikon haka.

Muka hau mota muka juyo gida. Muna isowa ta jiƙa kaba. Ta ɗinka wani, irin zanen, irin launin, ta rufe bakin ta warware, ta sake rufewa, har sai da ya kwanta mata. Bayan girbi ta kai da kanta. Ta so a yi musaya, suka ce a'a, sai dai a jera su tare. Ta tsaya a kansu har aka sa nata na biyu a gaba.

Yanzu Rahmatu na nan Furana, ido ya yi rauni, jikoki take koya wa. Faya-fayan biyu suna can birni a gilashi ɗaya.