Mutumin da ke fara dariya a Layi na Shida

Lackwell Sikazwe bai taɓa fitowa a talabijin ba, amma duk wanda ya girma a garuruwanmu na haƙar tagulla ya san muryarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zama a sahun gaba na 'yan kallo duk ranar da ake ɗaukar wasan barkwancin nan, Layi na Shida. Aikinsa shi ne ya fara dariya. Takan taso masa kamar ana tayar da tsohuwar mota, ta sarƙe, sannan ta ɓalle da ɗan fito a ƙarshe. Da ya fara, sauran mutum sittin da ke ɗakin sai su bi.

Asalin sana'arsa awon kaya ne a ma'ajiyar kamfanin ma'adinai. Kallo kawai ya je wata Asabar, mai ba da umarni ya ji shi, ya ce ya dawo mako mai zuwa. Da farko kuɗin mota da lemon kwalba ake ba shi, daga baya aka yanka masa ɗan albashi.

Ya gaya mini yadda ake aikin. Ba a sauraron maganar. Wanda ya tsaya sai ya gane abin dariyar, ya makara, ɗakin ya riga ya yi sanyi. Shi kafaɗar hagu ta babban ɗan wasan, Wedson Chibuye, yake kallo. Chibuye yana da wata al'ada da shi kansa bai sani ba: idan ya zo ƙarshen zance sai kafaɗar ta ɗan sauka. Tana sauka, Sikazwe zai saki dariya. Sau da yawa sai ranar Lahadi, a gida, yake jin abin da ya yi wa dariya.

A wancan zamanin Chibuye yana fitowa ne a matsayin Kansila Sefuke, mai tumbi da jakar takardu, wanda ya buɗe famfo guda sau uku a shekara ɗaya, kowane karo da sabon jawabi. Sau biyu aka dakatar da wasan saboda wani babba ya ga kansa a ciki. Matar Sikazwe, wadda kowa ke kira Bana Kangwa, wato maman Kangwa, da sunan ɗansu na fari, takan shiga kasuwa ranar Litinin ana ce mata, jiya mijinki ya yi aiki. Ita kuma ta ce ai Bashi Kangwa, wato baban Kangwa, ko a gida haka yake, shi ya sa ba ta sayi rediyo ba.

Wasan ya mutu, kamfani ya rage ma'aikata, Sikazwe na cikinsu. Tun daga nan kwanon Bana Kangwa ke riƙe da gidan. Busasshen kifin kapenta take sarowa daga Mpulungu, tana kasawa a bakin titi kusa da tashar mota. Chibuye kuwa ya shiga jam'iyya. Shi ke ɗumama taro kafin manya su iso, har aka sa shi a kwamitin tsabtace gari.

Bara wani kamfani ya ce zai farfaɗo da Layi na Shida. Aka nemo tsofaffin 'yan wasan da suka rage, aka nemo Sikazwe, yana da shekara sittin da bakwai. Ya kai tsohon kwat ɗinsa wajen mai guga.

Wata uku kafin nan, 'yan sintirin gari sun yi wa masu talla dirar mikiya. Bana Kangwa ta ɗora kwano a ka ta ruga, ta yi tuntuɓe a bakin kwata, zaninta ya kwance, kifi ya watse. Ta zauna cikin ruwan datti tana kwasa da hannu biyu, tana ce wa 'yan sintirin su kama kifin ma, shi ma ba shi da takarda. Gwiwarta ta yi mako biyu a kumbure. Ta ce wa mijinta kada ya kuskura ya gaya wa kowa, ko Kangwa.

Ranar gwaji na farko Sikazwe ya gaya wa Chibuye. Ya ce mini tunaninsa shi ne, ga tsohon aboki a kwamiti, ko zai samo mata rumfa a cikin kasuwa. Chibuye ya saurara da kyau. Ya tambaye shi da wace ƙafa ta yi tuntuɓen, kwanon roba ne ko na ƙarfe, me ta ce daidai. Ya rubuta a wayarsa, ya dafa shi ya ce ya bar masa komai.

Sabon wasan ba tsohon ba ne, ko da yake ɗakin da kujerun da jakar takardun duk suna nan. Kansila Sefuke yanzu shi ne mai hankali, mai son gari ya gyaru. Sakarkarun su ne masu talla da 'yan kamasho da masu ƙorafi. Sikazwe bai lura ba, don ba ya saurare.

A kashi na huɗu, Kansila yana ba abokansa labarin wata tsohuwa. Ya ɗora jakarsa a ka, ya ruga, ya faɗi, ya kama ƙugu kamar mai riƙe zani. Kafaɗa ta sauka, Sikazwe ya yi dariya. Ta sake sauka, ya sake. A ta uku ne, dariyar na cikin bakinsa, kunnensa ya kama maganar kifin da ba shi da takarda. Bai iya tsayar da ita ba, ta kai har fiton.

Ya sami Chibuye yana goge hoda a gaban madubi.

"Wedson, matata ce fa."

"Ba Sikazwe," in ji shi, da "Ba" ɗin girmamawa da muke sawa a gaban suna, "na kama sunanta? Tsofaffi nawa ke faɗuwa a garin nan?"

"Rumfa na roƙe ka."

"Rumfa na tafe. Kai ma dai ka ji daɗinsa, har sau uku. Yau ka tuna min da ƙuruciya, tsoho."

"Da can kansila muke yi wa dariya."

"Da can kansila ke ɓata gari," in ji Chibuye. "Yanzu je ka dubi bakin tasha ka gaya min wa ke ɓata shi."

Sikazwe ya je wurin masu tace hoto ya roƙi a cire muryarsa kawai. Suka ce ta hau kan maganar, in an cire ta sai an yanke wurin duka, kuma wurin ne ya fi kowane kyau.

Kwana goma sha biyu ne tsakanin ɗauka da nunawa. Kullum yana cewa gobe zai gaya mata. Ya ce mini har addu'a ya yi a ɗauke wuta ranar, tunda a unguwarsu ba abin mamaki ba ne. Ba a ɗauke ba.

Ƙarfe biyar na yammacin Lahadi maƙwabta suka cika falon, kamar yadda suke yi tun dawowar wasan. Bana Kangwa ta soya gyaɗa, ba ta ma cire kayan coci ba. Da Kansila ya ɗora jaka a ka, falon ya ɗauka da dariya. Wata maƙwabciya da ke kasa tumatir kusa da ita, wadda ta ɗaura mata zani a ranar, ita ta fara daina dariya. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage sai muryar da ke fitowa daga akwatin, ga mai ita zaune a tsakiyarsu yana kallon takalminsa.

Bana Kangwa ta kalli wasan har ƙarshe. Ta tattara faranti, ta raka baƙi bakin ƙofa. Da ta dawo ba ta tambayi wanda ya kai labarin ba. Shi ya fara, ya yi bayanin rumfa, ya yi bayanin kafaɗa, cewa bai ji komai ba sai da aikin gama ya gama.

"Kai labarin da ka yi, na yarda neman taimako ka je," ta ce. "Dariyar ce. Shekara arba'in ina rabe ta aiki da ta gaske tun daga kicin. Ta yau na saurara da kyau, ban iya rabewa ba."

Bai koma ɗakin ɗauka ba. Ba su neme shi ba kuma, don suna da muryarsa a na'ura, suna liƙa ta inda suke so. Har yanzu tana fita duk Lahadi.

Bayan mako guda Chibuye ya aiko da takardar rumfa, mai lamba da hatimi, a layi mai kyau kusa da ƙofar kasuwa. Bana Kangwa ta sa aka karanta mata, ta ninke, ta miƙa wa mijinta ta ce ya mayar wa mai ita hannu da hannu. Ya tafi a ƙafa. Chibuye ya ce masa girman kai ba ya cika tukunya.

Tana nan bakin tasha. 'Yan kamasho kan tambaye ta ko kifin yau ya yi takarda, wani lokaci ta rama, wani lokaci ta yi kamar ba ta ji ba. Sikazwe ke ɗaukar mata kwano da safe yanzu, ya zauna a bayanta kan bulo yana ƙulla kapenta a leda. Tana dafa masa nshima, tuwon masararmu, tana wanke masa kaya. Ranar da na je na yi awa biyu a wurin, sau huɗu ta yi masa magana, a kan canji da leda, kuma kowane karo Ba Sikazwe ta kira shi, ba Bashi Kangwa ba, yadda ake kiran mai sayen kifi.