Littafin Da Na Buɗe Ta Dama

Ku matso, ku sababbin masu raino, ku ba ni kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe ɗiyar mutane da bakina ba.

Shekara tara ke nan ina raino a wata makarantar ƙananan yara da ke bayan Gobarau. Kowane aji da malama da mai raino. Malama ta karantar, ni in share hanci, in kai banɗaki, in raba abinci. Littafi ba hurumina ba ne, don karatuna bai wuce na allo ba.

Wata Laraba da damina aka kira Malama Rabi ofis. Ta ce, "Iya Talatu, riƙe mini su, yanzu zan dawo." Yara suka hargitse. Sai na ɗauko sabon littafi mai zane a teburinta, na wata mata da ta tuƙa jirgin sama tun jirgi na sabon abu, da yadda ta yi ƙuruciya. Na buɗe ta dama, yadda muke buɗe izu, ina kallon zane ina haɗa labari.

Ga mace a jirgi. Ga ta tana karatu. Ga ta yarinya a kwance, ƙafa a ɗaure. Na juya, ga ta a iska da fukafukan kwali, rufin ɗaki na bayanta. Na ce, "Kun gani? Ta warke, ta hau rufi, ta yi tsalle, ta tashi sama!" Sai ƙararrawar tara ta kaɗa, suka watse.

Ina wanke kofuna na ji ihu. Ummi, 'yar shekara shida, ta bi tsanin ƙarfe ta hau hasumiyar tankin ruwa, tsawon gida mai bene. Ta ɗaura kwalin taliya a hannuwa da igiyar takalmi. Yatsun ƙafarta sun leƙo bakin ƙarfen, ga shi an yi yayyafi, a ƙasa kuwa siminti ne.

Malama Rabi ta fito da littafin a hannu. "Iya, mi kika ce masu? Ta baya kika faro! Tsallen ne ya karya mata ƙafa!"

Malam Sule mai gadi ya kama tsani, Ummi ta ce, "Baba, in ka hawo tashi zan yi!" Ya sandare.

Na ja ƙafa na tsaya daidai inda za ta faɗo. Na ɗaga murya: "Ga ta nan, ga ta nanku!"

Bakin yaro ba ya ƙin amsa wannan. Daga sama na ji, "Ta zo mu ji ta."

"Ummi, kin ji na ce ƙurunƙus ɗazu?"

"A'a."

"To labari bai ƙare ba, ƙararrawa ta katse mu. Kuma wa ya taɓa jin tatsuniya a tsaye? Zauna, ɗiyata."

Iska na ta kaɗa kwalin. Sai Ummi ta ja baya ta zauna. Na faro daga farko, Malama na raɗa mini abin da rubutun ya ce, Malam Sule na hawa ba takalmi. Ina kan zancen karayar ƙafa ya cafke ta.

Tun daga ranar, abin da ban karanta ba ba na faɗa wa yaro, don su ba su san wasa a bakin babba ba.

Malam Sule ya sa wa tsanin ƙofa da kwaɗo, yana nan har gobe. Malama Rabi ta zama shugabar makaranta. Ummi tana sakandare, har yau zancenta jirgi. Ni kuwa ba a kore ni ba, amma ko yanzu in na bi ta ƙarƙashin tankin nan ba na iya ɗaga kai.