Karnuka Biyun da Irmiya Ya Bar Mini

Shekara biyar ke nan da muka rufe Irmiya a ƙauyensu, can kudancin jihar nan, kuma har yau ban wayi gari na yi yadda nake so ba. Zafin rashin ya lafa tuntuni, kamar na kowa. Abin da bai lafa ba shi ne karnuka biyun da ya bar mini, ni Bafulatanin da a gidanmu kare bai taɓa wuce bakin garke ba. Saboda su, bara na ce wa 'ya'yana su dakata da maganar kujerar Makka da suka yi niyyar biya mini. Ga shi lokacin ya sake zagayowa.

Ofis ɗaya muka yi aiki da Irmiya sama da shekara ashirin. Shi Kirista ne mazaunin Yelwa, ni ina Gwallameji. Ardo yake kirana don tsokana, alhali ko akuya ban ajiye ba. Wata rana ya ce in zo in ga baƙin da ya yi. Wani Bature da ya zo aikin kwangila ne ya tashi ya bar karnukansa a hannun maigadi, maigadin ma ya kama gabansa. Irmiya ya yi kwana uku yana jin kuka ta bayan katanga idan zai wuce, a na huɗu ya nemo mai gidan aka buɗe. A ɗakin ajiya aka same su, sun naɗe da juna, duk sun zama ƙashi.

Da na gan su sai da na yi istigfari, don na kusa cewa an yi kuskure wurin halitta. Jiki dogo, ƙafafu ba su fi tsawon yatsana ba, kunnuwa na share ƙasa. Likitan dabbobi ya ce irin nasu dakshun ake kira, kuma dogon bayan nan shi ne masifarsu. Namijin ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafun baya sun mutu, jan gindi yake yi. Macen kuwa makauniya ce. Irmiya ya sa musu Turmi da Taɓarya, wai don ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Mutum biyu suka nemi ya ba su macen, tunda ita tana tafiya da ƙafarta, ya ƙi.

Ya je wurin wani mai walda a Ƙofar Wambai aka haɗa wa Turmi ɗan amalanke da tayoyin keken yara. Ana ɗaura masa a ƙugu, ya ja da ƙafafun gaba. Tayoyin nan ƙara suke yi, ƙii, ƙii, har cikin haƙora. Shekara uku ina yi wa Irmiya tsiya a kai, ina cewa rowar tasa ta kai ya kasa ɗiga wa taya mai. Dariya kawai yake yi.

A gadon asibiti ya ɗora mini su. Matarsa Rifkatu za ta koma wurin ɗansu a Legas, gidan bene ne, ba a yarda da dabba ba.

“Ardo, ka riƙe mini su,” in ji shi. “Abu ɗaya kawai, kada ka raba su.”

Na ce, “Ni da kare, Irmiya? Duk danginka ba ka ga kowa ba?”

Ya ce, “Kai kaɗai na sani wanda in ya ce to, ko yana ƙunƙuni sai ya yi.”

Na ce to. Ƙunƙunin kuwa har yau ban fasa ba.

Matata Hadiza ta kafa sharaɗinta tun ranar farko, ba za su taka tsakar gida ba, kuma hannunta ba zai taɓa su ba. Ban ga laifinta ba. Na kafa musu rumfa a bayan gida, kwanukansu daban, ni ma da tsohuwar rigar da nake sawa daban. Turmi ba ya iya fitsari da kansa, sai an durƙusa an matsa masa mara, safe da yamma. Haka nake yi kullum, sannan in tuɓe, in wanke jiki, in yi alwala. Limamin unguwarmu ya taɓa jana gefe ya tambaye ni ko gadi suke yi. Na ce masa ɗaya ba ya tafiya, ɗaya ba ta gani, ni nake gadinsu.

A makon farko na yi abin da na daɗe ina son yi. Na samo baƙin mai na ɗiga wa tayoyin, ƙarar ta ɗauke tsit, na ji daɗi har ina cewa a raina, to Irmiya, ga abin da ya gagare ka. Turmi ya ja amalankensa ya yi gaba, Taɓarya ta tsaya cak tana juya kai. Ban kula ba. Da aka buɗe ƙofa mai ruwa ya shigo, sai ta sulale waje, ta bi ƙarar wani keke da ke wucewa. Sai bayan la'asar na same ta cikin kwata a bakin titi, ƙafa ɗaya na jini.

Na kira Rifkatu na ba ta labari. Ta ce, “Wayyo Malam, mai ka sa wa tayar? Ai da gangan yake barinta haka. Da kunne take bin Turmi.”

Na wanke tayoyin da kananzir, na goge da yashi, na yi mako guda ina yayyafa musu ruwa ina roƙon Allah su yi tsatsa. Ranar da ƙarar ta dawo, makauniyar nan ta miƙe ta bi bayansa kamar an ja ta da igiya, ni kuma na zauna a kan bulo na yi kukan da ban yi ba a wurin jana'iza. Shekara uku ina zolayar mutumin nan, da kalma ɗaya zai rufe mini baki, bai yi ba. Ina jin zolayar ce ba ya so ta ƙare.

Da zai dawo yau, ba na jin zai gane Gwallameji. Filin da muke sakinsu ranar Asabar ya zama gidaje, keke ya cika layi, yanzu jikin katanga kawai suke zagayawa. Zai ga bakin Turmi ya yi furfura, zai ga Ardonsa na dafa bango kafin ya miƙe daga durƙuso. Na san dariya zai fara yi. Ban sani ba ko bayan dariyar zai ce in sauke, ya isa haka. Nakan so a ce zai faɗa, don na gaji, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Na nemi mafita. Likitan ya ce zai iya ajiye Turmi a keji tsawon aikin Hajji, amma ba shi da wurin biyu. Mun taɓa gwada raba su kwana uku sa'ad da aka kwantar da ni asibiti, Taɓarya ko ruwa ba ta lasa ba. Wanda zai durƙusa wa gurgun kare sau biyu a rana har mako biyar kuwa, na duba dangi da maƙwabta ban samu ba.

Watan jiya Turmi ya kwanta, ya ƙi abinci. Likitan ya duba shi, ya ce in na yarda akwai allurar da za ta hutar da shi. Zan faɗi gaskiya, kafin in tuna da karen, Makka na tuna. Zuciyata ta yi wani sanyi da ban taɓa zaton tana da shi ba. Sai na ga Taɓarya ta ɗora haɓa a bayansa. Na ce a yi masa magani. Ya kuwa tashi, kwana shida ya koma jan amalankensa.

Babban ɗana ya kira ni shekaranjiya. “Baffa, bana ma?”

Na ce bana ma.

“Saboda kare, Baffa? Ƙafar nan taka fa ba jira za ta yi ba.”

Gaskiya ya faɗa.

Irmiya bai bar gida mai suna ba, teburinsa a ofis tuni wani ya zauna, waɗanda suka san shi sai raguwa suke yi. Abin da ya rage nasa a garin nan shi ne halin da ya sa bai iya wuce kuka a bayan katanga ba, kuma ya bar shi a hannun mutumin da ba shi da irin halin, sai dai ya ce to. Addu'ata yanzu ba ta da tsawo. Allah Ya ɗauke su rana ɗaya, kada ɗaya ya kwana ba ɗaya, Ya kuma bar mini ƙafar da za ta iya ɗawafi.