Malam Namadi da Sandar da Ta Ƙi Hannunsa

Kullum bayan la'asar Malam Namadi yakan ɗaure sanduna a bayan babur, ya nufi fakon da ke hanyar Dogon Daji, ɗalibai na biye da shi. Mutumin Kebbe ne, malamin wasanni a wata sakandare a Tambuwal, kuma a watan nan yake ritaya. Da ƙuruciya ya yi aikin ɗaukar jakar 'yan wasan golf, masu buga ƙaramar farar ƙwallo da sanda, a Kaduna. Ya dawo da tsofaffin sanduna masu kan itace, da salon bugu na lanƙwasa wuyan hannu, ya yi ta koyar da shi har gemu ya yi fari. Masu babur kan tsaya su ce, "Malam, yau ma ƙwai kaka kora?" Ya yi dariya ya ci gaba.

Cikin ɗalibansa babu mai hannun Hinde. Da aka kira ta gwajin matasa a Kaduna, kawunta ya aiko mata da sandar zamani, kai kamar ƙwarya, nauyi kamar kara. Mahaifinta, Alhaji Atu, ya ce ba ta zuwa ko'ina sai ya ga bugun da idonsa.

Ranar da ya zo, Hinde ta buga yadda aka koya mata. Ƙwallo ta karkace hagu ta shige gero. Ta sake, haka. Malam ya karɓi sandar ya buga, sai ji aka yi tas! Madubin babur ɗin Alhaji ya tarwatse.

Kowa ya zaci Malam zai zagi sandar. Sai ya juya ya ce, "Alhaji, wagga sanda lafiyarta lau. Buguna ne ya tsufa. Abin da na koya ma ɗiyarka ba shi tafiya da ita. Ka ba ni zuwa yankan gero."

Malama Kamila, abokiyar aikinsa, tana wurin. Ta ce ba ta taɓa jin malami ya faɗi haka ba, gaban uba, gaban ɗalibai, ana gab da sallamarsa.

Kai ne, Malam, ka zauna a tabarma Hinde na nuna maka bidiyo a waya. Kai ne ka naɗe wuyan hannunka da tsumma don kada ya lanƙwashe, ka koyi juya ƙugu da kafaɗa da shekarunka, har bayanka ya riƙe, aka gan ka kana salla a zaune. Abu ɗaya ka hana ta yarwa daga tsohon salo: ido kan ƙwallo har ta tashi.

Da aka yanke gero Alhaji Atu ya dawo. Wannan karon can nesa ya ajiye babur, bayan kuka. Hinde ta buga, ƙwallo ta miƙe sak har ta ɓace wa ido. Alhaji ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "To, Malam, yaushe motar Kaduna ka tashi?"

Mun gode, Malam Namadi, dattijon da bai ji kunyar komawa ɗalibi ba. Allah ya ba bayan nan lafiya, ya sa ka huta cikin mutunci. Malaman da ka bari, duk ranar da sabon abu ya ƙi hannunku, ku tuna Hinde ta hau motar nan.